Me ya sa ɓera ke far wa ɗan'uwansa cikin dare ɗaya?

Zainab: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tambayar da ta tsaya min a rai. Wata biyu ke nan ina kula da ɓerayen da muke aiki da su a ɗakin gwaji. Akwai wani keji mai maza huɗu, 'yan ciki ɗaya, tun yaye suke tare ba a taɓa jin kansu ba. Ranar Litinin aka sauya musu keji, aka zuba sabuwar dusar katako. Washegari da safe na tarar da ɗaya ya takure a kusurwa, gindin wutsiyarsa da gadon bayansa duk cizo, gashin ya tuje, jini ya bushe a kan dusar. Wanda ya fi su girma kuwa sai kewaya kejin yake, yana karkaɗa wutsiya tana bugun bangon roba. Na ware wanda aka ciza na sa masa magani. Abin da nake so in gane shi ne, me ya canza a ƙwaƙwalwar wancan cikin dare ɗaya? Wani abokin aikina ya ce sirotonin ɗinsa, sinadarin nan mai kai saƙo tsakanin jijiyoyin ƙwaƙwalwa, shi ne ya yi ƙasa, shi ke nan. Ni dai hankalina bai kwanta da wannan amsa ba.

Bashir: Wa alaikumus salam. Abokin aikinki bai yi nisa da gaskiya ba, ƙanwata. Sirotonin shi ne birkin faɗa a ƙwaƙwalwa, kuma maganar ba ta yau ba ce. Tun shekarun 1960 Luigi Valzelli a Milan yake ware mazan ɓeraye kowa shi kaɗai na makonni, su fito da zafin kai, ya kuma ga aikin sirotonin ya ja baya a ƙwaƙwalwarsu. A 1994 ƙungiyar René Hen a Faransa ta samar da ɓeran da aka cire masa ƙwayar gadon wani makarɓin sirotonin mai suna 5-HT1B, wato wurin da sirotonin ke sauka a jikin ƙwayar jijiya ya isar da saƙonsa. In aka jefa masa baƙo a keji, ya fi ɓera na yau da kullum saurin kai cizo, ya kuma fi shi yawan cizon. Birki ya tsinke, mota ta ƙwace. Me kuma ya rage?

Malam Sani: Kafin ku kutsa cikin ƙwaƙwalwa ku fara ta hanci. Zainab, amsa min abu uku. Da aka sauya kejin, an ɗauko sheƙar da suka yi da takarda an mayar musu, ko an zubar da komai? Wanda ya sauya, ya taɓa kejin mata kafin ya zo kansu da safar hannu ɗaya? Sannan makonsu nawa da haihuwa? Na daɗe a wannan aiki, kuma faɗan maza galibi bayan sauya keji yake tashi. Da wari ɓera yake sanin babba da ƙarami, da wari yake sanin iyakar gidansa. In kin share warin kin share yarjejeniyar da suka ƙulla, sai sun sake raba girma, su kuwa da haƙori suke rabawa.

Zainab: Makonsu tara, Malam. Sheƙar ba na jin an mayar, don sabuwar takarda na gani ko yayyaga ta ba su gama ba. Na safar hannun zan tambaya.

Malam Sani: Mako tara, sun balaga ke nan. Ga rabin amsarki nan.

Bashir: Malam, wannan ai abin da ya tsokano rigimar ne. Ita tambayarta kan abin da ke faruwa a ciki ce. Su huɗu suka shaƙi wari ɗaya, don me ɗaya ne ya zama mai cizo?

Dakta Hadiza: Wannan tambayar taka ta ƙarshe ita ce tambaya, Bashir, sai dai amsar da ka fara bayarwa ba za ta iya ɗaukar ta ba. In ƙarancin sirotonin ne ke kawo faɗa, yaya za ka yi da ɓerayen MAOA? Shi MAOA inzayim ne, wato furotin mai sarrafa wasu sinadarai a jiki, aikinsa narkar da sirotonin da wani ɗan aiken jijiya mai suna noradirenalin bayan sun gama isar da saƙo. A 1995 Olivier Cases da Isabelle Seif da abokan aikinsu a Faransa suka kawo rahoton ɓerayen da ba su da shi. Bisa tsautsayi ma aka same su, wata ƙwayar gado da ake dasawa don wani bincike daban ita ta faɗa tsakiyar ta MAOA ta lalata ta. Da aka rasa mai sharewa sai sirotonin ya taru, a ƙwaƙwalwar jariran har ya kai ninki tara. Bisa lissafinka salihai ya kamata su zama. Amma mazansu da suka girma mafaɗata ne, masu yagar juna.

Akwai ma wani ƙulli a cikin misalin da ka kawo. Shi 5-HT1B ɗin, wani kasonsa a bakin jijiyar da ke sakin sirotonin yake zaune, aikinsa ya ce mata ya isa haka. Magungunan da ke tada shi suna kwantar da faɗa a ɓera, kuma a lokaci guda suna rage sirotonin ɗin da ake saki. To wanne ne birkin, yawansa ko ƙarancinsa?

Bashir: Na san labarin na MAOA, Dakta. Ai su tun suna jarirai ɓarnar ta auku, sirotonin mai yawa ya ɓata yadda jijiyoyin suka haɗu. Ba daidai yake da babban ɓeran da nasa ya ragu ba.

Dakta Hadiza: Madalla, ka faɗi abin da nake so a ji daga bakinka. Sinadari ɗaya ne, a jariri yana aikin magini, a babba yana aikin ɗan aike. Dole ka faɗi yaushe, a wane lungu na ƙwaƙwalwa, a kan wane makarɓi. Makarɓan sirotonin sun kai iri 14, wasu suna zuga ƙwayar jijiya, wasu suna kwantar da ita. Mai cewa "ya yi ƙasa, shi ke nan" ya ƙirga wasiƙun da suka shigo ne bai buɗe ko ɗaya ba.

Aliyu: Dakta, labarin Zainab na buɗe keji da safe ya tuna min da ɓerayen naitirik oksaid. Don Allah ki ba mu shi dalla-dalla, na taɓa jin kin faɗe shi a taƙaice.

Dakta Hadiza: To, bari in ɗan ja shi, don a nan ne ni kaina na fara son wannan fanni.

Naitirik oksaid iska ce. Ba a ajiye ta a 'yan jakunkuna a bakin jijiya kamar sirotonin ko dofamin, wanda shi ma ɗan aiken jijiya ne, sai lokacin da ake buƙata ake ƙera ta. Gulutamet, wani ɗan aiken jijiya, ya sauka kan makarɓinsa mai suna NMDA, ƙofa ta buɗe, kalsiyam ya kwararo cikin ƙwayar jijiya, ya tada inzayim ɗin da ake kira nNOS, shi kuma ya ciro iskar daga wani sinadari mai suna arjinin. Tana fitowa sai ta ratsa bangon ƙwayar kamar babu shi, ta shiga maƙwabta ta kowane gefe, ta tada wani inzayim mai samar da cGMP, sinadarin da ke ci gaba da saƙon a cikin ƙwayar, cikin 'yan daƙiƙoƙi ta ɓace. Wannan iskar ce dai ke sassauta jijiyoyin jini, aikin da ya jawo wa Furchgott da Ignarro da Murad kyautar Nobel a 1998.

A 1993 Paul Huang da Mark Fishman a Boston suka samar da ɓeran da ba shi da nNOS. Ba don faɗa aka yi shi ba, masu nazarin jijiyoyi da shanyewar ɓarin jiki ne ke son sa. Da aka kai irin Jami'ar Johns Hopkins, wajen su Solomon Snyder, sai masu kula suka riƙa buɗe kejin maza da safe suna tarar da ɗaya ko biyu a mace. Da aka sa ido sosai sai aka ga 'yan uwansu ne ke kashe su. Randy Nelson, masanin halayyar dabbobi, ya auna abin, sakamakon ya fito a mujallar Nature a 1995.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina ba yawan faɗan ba ne. Faɗan ɓera yana da ƙa'ida. Wanda aka fi ƙarfi ya kan nuna ya sallama, ya miƙe kan ƙafafun baya ya saki hannuwa, ya ɗaga kai yana tsuwwa, ko ya kwanta ya ba da ciki. Ɓera lafiyayye in ya ga haka sai ya sassauta. Waɗannan ba sa sassautawa. Haka suke wa macen da ba ta shirya barbara ba, tana tsuwwa tana gudu suna ta hawa. Kamar abin da ke cewa "tsaya" ne ya mutu. Da aka auna testostiron ɗinsu, sinadarin mazakuta, bai fi na sauran ba, amma da aka dandaƙe su faɗan ya faɗi, wato iskar da testostiron kowa da hannunsa a ciki. An kuma ba ɓeraye lafiyayyu maganin da ke toshe nNOS, su ma suka ƙara zafi. A 2001 Silvana Chiavegatto da Nelson suka nuna cewa juyawar sirotonin, wato saurin yin amfani da shi da sabunta shi, ta ragu a ƙwaƙwalwar waɗannan ɓeraye, makarɓansa na 5-HT1A da 5-HT1B sun yi sanyi, kuma da aka ba su 5-HTP, abin da jiki ke ƙera sirotonin da shi, faɗan ya lafa.

Bashir: Allahu Akbar! An zaga an zaga an dawo gida. Ashe ko iskar ma ta kan sirotonin take bi. Na gode Dakta, kin kare min hujjata.

Dakta Hadiza: Kada ka yi saurin naɗe tabarma, ban gama ba. Matan wannan irin ba su zama mafaɗata ba. Uwar ɓera mai shayarwa takan far wa baƙon namiji don kare 'ya'yanta, amma a 1999 Stephen Gammie da Nelson suka tarar da uwayen da ba su da nNOS sun fi na yau da kullum sanyi wajen wannan kariya. Rashi ɗaya, ya zafafa namiji, ya sanyaya mace. A shekarar dai aka gwada mazan da aka cire wa eNOS, ɗan'uwan nNOS da ke bangon jijiyoyin jini, kuma iska ɗaya suke ƙerawa. Waɗannan da kyar suke kai cizo. Sannan a 2000 wata ƙungiya a Faransa ta yi ta haɗa ɓerayen nNOS barbara da zuri'ar C57BL/6J har lahanin ya koma cikin jinin wannan zuri'a, sai ƙarin faɗan ya ɓace. Ƙwayar gadon dai babu ita har yanzu, amma halin ya tafi. Ni ban ce sirotonin ba ya ciki ba, yana ciki dumu-dumu. Abin da na ƙi shi ne a ce akwai wani sinadari da fushi ke zaune a cikinsa.

Malam Sani: Maganar zuri'a gaskiya ce da duk mai wanke keji ya sani. Akwai irin da za ka haɗa mazansu biyar su tsufa tare, akwai irin da ko 'yan ciki ɗaya ne sai ka raba su da sun balaga. Zuri'ar SJL da FVB sun yi suna wajen faɗa.

Kabiru: Ni ba ɗan fannin ba ne, ina bi ne kawai. Amma ba testostiron ne tushen komai ba? Kowa ya san sa in an dandaƙe shi yakan yi laushi.

Aliyu: Yaya Kabiru, yana ciki, kuma shi aka fara ganowa. Tun 1849 Arnold Berthold a Jamus ya fiɗiye zakaru suka daina cara da faɗa, ya mayar wa wasu 'ya'yan maraina a cikin ciki suka dawo da halinsu. Amma ga abin mamaki: a ƙwaƙwalwar namijin ɓera akwai inzayim mai suna aromates da ke mayar da testostiron ya zama istirojin, wanda mutane ke kira sinadarin mata, kuma babban kaso na faɗan namiji ta wannan hanya yake bi. A 1997 Sonoko Ogawa da Donald Pfaff suka nuna mazan da ba su da makarɓin istirojin na alfa da wuya su kai hari, alhali testostiron ɗinsu yana nan.

Ni abin da ya girgiza ni shi ne bidiyon aikin Dayu Lin da David Anderson na 2011 a Caltech. Sun dasa wani furotin mai jin haske a ƙwayoyin jijiya na wani ɗan lungu a ƙasan haifotalamus, wani sashe da ke can gindin ƙwaƙwalwa, suka zura siririn zaren haske ta ƙoƙon kai. Ɓera na zaune lafiya kusa da safar hannu da aka hura wa iska. Ana kunna hasken sai ya daka tsalle ya kama safar da cizo. Ana kashewa ya saki. Mace ma yakan far mata, abin da namiji ba ya yi. A 2014 suka gano ƙwayoyin da ke wannan aiki masu ɗauke da makarɓin istirojin ɗin nan ne, kuma in hasken ya yi rauni shinshina da hawa ɓeran ke yi, sai an ƙara ƙarfinsa ya koma cizo. Tun aikin Walter Hess da kyanwoyi, wanda ya ba shi Nobel a 1949, an san haifotalamus na da hannu, amma ganin abin ana kunnawa ana kashewa daban ne. Gani ya kori ji.

Dakta Hadiza: Aliyu ya kawo mu inda ya dace. Wayoyin suna nan a shimfiɗe a kowane ɓera. Su sinadaran nan abin da suke yi shi ne sauya yawan tsokanar da ake buƙata kafin wayoyin su kama. Kuma ku lura da abin da ya faru a gwajin nan: in namijin na tsakiyar barbara, hasken ba ya cin sa yadda ya saba. Ko da an danna maɓallin kai tsaye, halin da dabbar ke ciki yana da ta cewa.

Bari in ƙara wa Bashir ɗaya, don na san bai sallama ba. Craig Ferris ya yi shekaru yana aiki da hamsta, wata 'yar dabba dangin ɓera. Ya nuna in an ɗiga wani sinadarin saƙo mai suna basofiresin a sashen gaba na haifotalamus na namiji yakan ƙara kai hari, in an ba shi fuluoksetin, maganin da ke ƙara sirotonin a tsakanin jijiyoyi, sai ya toshe wannan zuga. Zancen ya zauna daram, basofiresin totur, sirotonin birki. Sai a 2016 ɗakin binciken Elliott Albers a Amurka ya gwada mata. A macen hamsta abin a juye yake: basofiresin ya rage faɗa, sirotonin ya ƙara shi, fuluoksetin ya sa ta ƙara zafi. Shekara da shekaru maza kawai ake gwadawa ana rubuta sakamakon kamar na kowa ne.

Bashir: To, wannan kam ya kama ni. Zan gyara maganata: a namijin ɓera baligi, sirotonin yana cikin manyan masu riƙe linzami. Daga nan ba zan ƙara ja da baya ba.

Dakta Hadiza: A kan wannan ba mu da ja.

Zainab: Na ƙaru ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Yanzu ga matsalar gabana. Raunin wancan ya fara kamewa. In ya warke in mayar da shi cikin 'yan uwansa?

Malam Sani: A'a, kada ki kuskura. Namiji baligi in ya kwana biyu a waje, baƙo ne in ya dawo, warinsa ya sauya. Za ki tarar da abin da ya fi na farko muni. Kuma ba wanda aka ciza kaɗai ake cirewa ba. Mai cizon ki nemo, shi ne wanda jikinsa ba ko ƙwarzane. In kin bar shi da sauran biyun, gobe ɗayansu ne.

Aliyu: Akwai dalili a ƙwaƙwalwa da ke goyon bayan Malam. Nasara tana sauya mai nasara. Catherine Marler ta yi aiki da wani ɓeran daji na Kalifoniya: namijin da ya ci faɗa uku a jere ya fi yiwuwar cin na huɗu, testostiron ɗinsa na tashi bayan kowace nasara, makarɓan sinadarin kuma suna ƙaruwa a sassan ƙwaƙwalwa masu kula da lada, wato jin daɗin abin da aka samu, musamman in a gidansa ya ci. Kuma faɗan yana musu daɗi. A 2008 a Jami'ar Vanderbilt an koya wa ɓeraye cusa hanci a wani rami don a jefo musu baƙon da za su far wa, suka yi ta cusawa, da aka toshe makarɓan dofamin a cibiyar lada sai suka rage. Wanda ya fi ba ni tsoro na ɗakin Klaus Miczek ne a Jami'ar Tufts, 2003. Manyan ɓeraye aka sa suna faɗa a lokaci ɗaya kullum har kwana goma. Rana ta goma sha ɗaya ba a kawo kowa ba, amma da lokacin ya gabato dofamin ya tashi, sirotonin kuma ya sauka. Ƙwaƙwalwar ta koyi agogon faɗan.

Dakta Hadiza: Ki riƙe wannan na ƙarshe da kyau, Zainab, don shi ne amsar abokin aikinki. Ko da za a auna babban ɓeranki yau a tarar sirotonin ɗinsa ya sauka, ba za a iya cewa saukar ce ta kawo faɗan ba. Faɗan ma yana saukar da shi.

Sai kuma ki san waren da za ki yi yana da nasa farashi. A 2018 Moriel Zelikowsky a ɗakin Anderson ta nuna mako biyu na kaɗaici yana sa wani ɗan ƙaramin furotin na saƙo mai suna Tac2 ya yawaita a sassa da dama na ƙwaƙwalwar ɓera, faɗa da firgici su ƙaru, kuma maganin da ke toshe makarɓinsa ya mayar da su daidai. Ɗan'uwan wannan sinadari, takikinin, shi ke zuga mazan ƙudan 'ya'yan itace su yi faɗa. Don haka in za ki auna wani abu a kan waɗannan ɓeraye, ki rubuta ranar da aka ware kowanne. Ba ɓerayen makon jiya ba ne.

Kabiru: To in haka ne, ba za a iya yi wa mutane masu zafin zuciya magani ba? Ko kuma mai laifi ya ce ba shi ba ne, ƙwayoyin gadonsa ne?

Dakta Hadiza: An riga an kai maganar kotu. A 2009 wata kotun ɗaukaka ƙara a Italiya ta rage wa wani mai laifin kisa shekara ɗaya bayan an kawo hujjar ƙwayoyin gadonsa, har da MAOA, kuma masana da yawa sun soki hukuncin. Asalin zancen daga Holan ne, 1993, inda Han Brunner ya bayyana wani dangi da wasu mazansu ba su da MAOA mai aiki kwata-kwata, suna da raunin fahimta da saurin kai hannu. Wannan lalura ce da ba kasafai ake samun ta ba. Nau'in MAOA mai rauni kuwa ɗimbin mutane ke ɗauke da shi suna zaman lafiya da kowa. A binciken Avshalom Caspi da Terrie Moffitt na 2002 a Niyu Zilan, sai a cikin yaran da aka azabtar suna ƙanana ne nau'in ya nuna tasiri.

Kuma Kabiru, ka san me muke aunawa a ɓera? Mu jefa baƙo a kejin mai gida na 'yan mintuna, mu ƙirga daƙiƙa nawa ya ɗauka kafin cizon farko da sau nawa ya ciza. Namijin da ya kare gidansa ba mara lafiya ba ne, aikinsa yake yi. Shi ya sa su Jaap Koolhaas da Sietse de Boer a Jami'ar Groningen suka dage a bambanta faɗa mai ƙa'ida da ta'adi: wanda ke cizo ba gargaɗi, yana neman maƙogwaro da ciki, yana far wa mace ko ɓeran da aka sa wa maganin barci, ba ya kula da sallamawa. A wajensu raguwar sirotonin a irin waɗannan ta fi fitowa fili. In akwai darasi ga ɗan Adam, a wannan rukuni za a neme shi, kuma da taka-tsantsan.

Maryam: Ku gafarce ni, tun ɗazu nake karantawa raina na ƙuna. Kowa na maganar mai cizo. Shi baƙon da ake jefawa fa? An ɗauko shi daga cikin 'yan uwansa an sa shi inda ba mafita, a daji da tuni ya gudu. Na taɓa tsayawa ina riƙe da agogo a irin wannan gwaji, ina jin tsuwwar, kuma ba ta fita daga kunnena ba har yau. Ban ce a daina binciken ba. Amma in sakamakon zai iya ɓacewa don kawai an sauya zuri'ar ɓera, a gaya min ɓeraye nawa aka yaga kafin a gane haka.

Bashir: Anti Maryam, ba tare da irin wannan gwaji ba da yawan abin da muka sani kan magungunan ƙwaƙwalwa ba mu san shi ba.

Maryam: Na sani, shi ya sa ban ce a rufe ɗakunan ba. Tun 1959 William Russell da Rex Burch suka shimfiɗa ƙa'idoji uku: in akwai madadin dabba a yi amfani da shi, a rage yawansu, a sassauta musu wahala. Na ukun nake nema a nan. A gajarta gwajin, a raba su da zarar an ga jini, kada a yi ta mayar da baƙo ɗaya ana dukansa kullum, in tambayar za ta amsu ta bayan shingen waya a sa shingen. Wanda ya tsara gwajin da ba zai amsa komai ba, ya zalunci dabbar sau biyu.

Dakta Hadiza: Ina tare da ke ɗari bisa ɗari, Maryam. Kuma ba tausayi kaɗai ba ne, baƙon da aka yi ta kayarwa shi ma ƙwaƙwalwarsa ta sauya, yana shigowa a tsorace, mai gida kuma ba zai yi masa yadda zai yi wa sabo ba. Sakamakon ma ya gurɓace.

Zainab: Na dawo da labari. Na tambaya, kuma Malam Sani ya canka. Ranar an fara da kejin mata ne aka zo kan maza da safar hannu ɗaya, sheƙar kuma an zubar. Na cire babban na ba shi kejinsa, jikinsa kuwa ko ɗigon rauni babu. Sauran biyun na bar su tare, na ƙara musu takardar sheƙa, jiya da yamma na tarar sun cure wuri ɗaya suna barci. Na rubuta ranakun kamar yadda Dakta ta ce. Tambaya ɗaya ta rage, Malam: a sauyi na gaba in ɗebo musu tsohuwar dusar in zuba a sabon kejin don warin ya bi su?

Malam Sani: Sheƙar kawai za ki ɗauko, busasshiyar takardar da suke kwana a ciki. Dusar da ta jiƙe da fitsari ki bar ta, a fitsarin namiji akwai furotin ɗin da ke tsokano faɗa, ɗakin Lisa Stowers ya nuna haka tun 2007. Ki fara da maza kafin mata, ko ki sauya safar. Sannan kwana uku bayan kowane sauyi ki riƙa ɗaga biyun nan ɗaya bayan ɗaya, ki hura gashin gindin wutsiya da na ƙasan ciki a hankali har fata ta bayyana. Yawancin cizon a ƙarƙashin gashi yake ɓuya, daga saman keji ba za ki gan shi ba.